Kan gida da keji: tarihin zaman Bahaushe da damo

A ƙarshen ƙarni na 19 wani yayi ya shigo biranen Amurka: ana sayar da wani ƙaramin ƙadangare kore da ake kira anol, ɗan asalin kudu maso gabashin ƙasar, a sa masa siririyar sarƙa a maƙala a riga don ado. Da yake yana rikiɗa daga kore zuwa ruwan ƙasa, 'yan kasuwa suka riƙa tallarsa da sunan hawainiya. Yawancinsu ba sa daɗewa, domin dabbar tana buƙatar ƙwari masu rai, da ɗumin rana, da raɓar da za ta lasa a kan ganye. Yanzu da kiwon irin waɗannan dabbobi a akwatin gilashi yake iso wa matasanmu ta waya, ya kamata a tuna cewa ƙasar Hausa ta daɗe da tata hanyar zama da masu jan ciki, kuma a ganina ta fi keji dacewa da halittarsu.

Bayan jihadin 1804, sarautar Katsina da ta yi ƙaura ta kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A karkarar da ke kewaye, har da yankin Sae Sabuwa na Gidan Runji, al'adun Anne, masu addinin gargajiya, sun jima da ƙarfinsu, kamar yadda Guy Nicolas ya nuna a bincikensa kan kwarin Maraɗi, Joseph Greenberg kuma ya tarar da makamantansu wurin Maguzawan Kano a littafinsa na 1946. Cikinsu akwai kan gida: dabbar da zuri'a ba ta kashewa, ba ta ci. Galibi maciji ne, wani dangin kuma kada ko damo. Ba a ɗaure ta, ba a tsare ta, raminta kawai ake ƙyale mata.

Damo shi ne hujja mafi ƙarfi. Da damina yana kiwo a gona, yana cin gyare da buzuzu da ƙadandoniya da kunama, yana tara kitse a jiki da wutsiya. Rani na shigowa sai ya shige tsohon suri ko kogon itace, ya shafe watanni kusan ba ya cin komai, ga kuma kirarinsa, sarkin haƙuri. Dubban 'ya'yan damo da ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka sun rasa wannan tsari. Ana ɗura musu ɓeraye duk shekara, ƙiba ta lalata musu hanta, da yawa su mutu da ƙuruciya.

Wani zai ce kan gida shirka ce, Musulunci ya kawar da ita. Aƙidar da ke ƙarƙashinta lalle ba abin komawa ba ce, kuma ba ita nake karewa ba. Sai dai barin dabba ta nemi abincinta bai dogara da bautar iskoki ba: Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wani kuma zai ce ai Hausawa ma suna kama dabbobin, gardawa na yawo da macizai a kasuwanni, mafarauta na cin naman damo, dukawa na ɗinka fatar guza. Haka ne, kuma wannan ɓangaren ne ya kai ga buƙatar doka: Nijar ta shiga yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji a 1975, ta kuma kafa dokar farauta da kare namun daji a 1998. Doka tana iya hana fatauci, amma damo ba zai zauna inda aka rushe suri aka tumɓuke kututture ba. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne aikin manoman Maraɗi da Agye, waɗanda tun bayan farin 1984 suke barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a gonakinsu.