Sansanin Edwards: Inda Ake Gwada Jirgin Yaƙi Kafin A Miƙa Shi Ga Soja

Waɗanda muka zauna aji ɗaya za su tuna ranar da aka koya mana dalilin da ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, wato shi ma sauti tafiya yake yi, kuma gudunsa yana da iyaka. To, tarihin da na kawo muku na wurin da ɗan Adam ya fara tsere wa sauti ne.

Wurin yana cikin hamadar Mojave ta Jihar Kaliforniya a Amurka, a bakin wani ƙafaffen tabki da ake kira Rogers. Da hunturu ruwa kan kwanta a kansa, iska ta yi ta kaɗa shi tana share ƙasa, in ya bushe sai ya bar fili mai tauri, shimfiɗe kamar daɓe. Wannan baiwa ce ta jawo soja, domin matuƙin da jirginsa ya sami matsala yana da fili mai tsawon mil da yawa da zai sauka. A 1933 aka fara koyon jefa bom a wurin, lokacin sunansa Muroc. A watan Oktoba na 1942 kuma aka tashi jirgin jet na farko na Amurka, XP-59A, a asirce.

A wancan zamani duk jirgin da ya kusanci gudun sauti sai ya kama kakkarwa, ya ƙi jin linzami. A 1946 haka jirgi ya tarwatse da Geoffrey de Havilland ƙarami a Ingila. Da aka kawo jirgin X-1 mai injin roka, ba a yi garaje ba. Babban jirgi B-29 kan ɗauke shi sama ya sake shi, kowane tashi a ƙara gudu kaɗan, a sauko injiniyoyi su duba abin da na'urori suka rubuta. Da Kyaftin Chuck Yeager ya kusa kaiwa, sai abin da ke ɗaga hancin jirgin ya daina aiki. Injiniya Jack Ridley ya ba da shawarar a riƙa motsa fiffiken wutsiya gaba ɗayansa, aka gwada, aka dace. Ranar 14 ga Oktoba, 1947, Yeager ya wuce gudun sauti, ya yi kimanin mil 700 cikin awa, alhali haƙarƙarinsa biyu a karye sakamakon faɗuwa daga kan doki. Wannan dabara ta wutsiya daga baya ta shiga jiragen yaƙi da dama.

Amma fa ba a banza aka sami ilmin ba. A watan Yuni na 1948 jirgin YB-49 ya faɗi da Kyaftin Glen Edwards da abokan aikinsa huɗu, duk suka rasu. Sunansa aka sa wa sansanin a ƙarshen 1949, kuma da yawa daga titunan wurin suna ɗauke da sunayen matuƙan da suka mutu a bakin aiki. A 1951 aka kafa Cibiyar Gwajin Jirage ta Mayaƙan Sama a can, tare da makarantar horar da matuƙan gwaji. Neil Armstrong ya tuƙa jirgin X-15 a nan kafin ya taka wata. A watan Oktoba na 1967 X-15 ya yi mil 4,520 cikin awa, a watan da ya biyo baya kuma wani X-15 ya hallaka Manjo Michael Adams. A kan wannan tabki ne kumbon Columbia ya sauka a watan Afrilu na 1981. A 2012 aka faɗaɗa aikin cibiyar, aka sauya mata suna.

Aikinta dai shi ne ta gano aibin jirgi tun kafin a ƙera ɗaruruwansa a miƙa wa matasan soja. Matuƙin gwaji kan ɗauki kasada da gangan, ya dawo ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, ko da kamfani da manyansa ba za su ji daɗi ba. Rigakafi ya fi magani. Mu da muke sa hannu a takardar karɓar gada, ko asibiti, ko rijiyar burtsatse da ɗan kwangila ya ce ya gama, ya kamata mu tambayi kanmu: wa ya gwada, kuma me ya rubuta?

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, amin.