Fijon Mahaifina da Tarihin Aljihun Ma'aikaci

Ranar da bakanikenmu na Ƙofar Kwaya ya ce mini sai an sake sauke inji, na daɗe zaune a kan bencinsa ina kallon motar. Fijo 504 ce fara, wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa dal a 1977. Agogon kilomitarta ya cika ya koma sifili sau uku kafin wayarsa ta tsinke, daga nan muka daina lissafi.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya aka yi malamin makaranta ya sayi sabuwar mota? Amsar tana cikin tarihin ƙasar nan. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1975 kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci. Lokacin kuɗin fetur na shigowa, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihu, dala ɗaya kuwa ba ta kai naira ɗaya ba. Ma'aikaci kan karɓi rancen mota a riƙa cirewa daga albashinsa. Da ita mahaifina yake zuwa Kaduna bin takardu, domin sai a 1987 Katsina ta zama jiha.

Abubuwa sun juya a 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP aka karya darajar naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai kasuwa ta koma ga 'yan Kwatano, waɗanda Turawa suka gama mora, ana biyo da su ta Maraɗi da Jibiya. Wanda yake da tsohuwa kuwa sai ya riƙe abarsa da kyau. Tun daga lokacin gidanmu ya san hanyar gareji.

Da ta dawo hannuna na gaji har da ɗawainiyarta. Yau kafireta, gobe lagireto na yoyo, jibi birki. Muddin ana haɗa ta a Kaduna kayan gyara ba su yi wuya ba, amma da aka daina wajajen 2006 sai muka koma neman na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Sau biyu ina sayen jabu, ban gane ba sai da ta tsaya mini a hanya da iyali a ciki. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya haura 500, sai na koma fito da ita ranar Juma'a da ranar asibiti kawai.

Na ce wa bakaniken, "Baba, ko dai in sayar da ita in huta?"

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, in ka sayar, me kuɗin za su saya maka? Wannan da guduma da sifana nake gyara ta. Na yanzu sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu."

Na yi lissafi na ga gaskiyarsa. Kuɗin ringi da aikin inji za su cinye albashin wata, ga kuɗin makarantar yara na jira, amma abin da za a ba ni in na sayar ko rabin wata tsohuwar ba zai kawo ba. Mahaifina da albashinsa ya sayi mota, ni kuma da irin aikinsa gyaranta ma sai da adashi.

Na ce ya sauke injin, zan biya kashi biyu. Ya ce in dawo ranar Asabar da baƙin mai. Allah ya rufa mana asiri, amin.