Hotunan da Intanet ta Cinye: Tarihin Ajiyar da Ba ta Dawo ba

Yau hirar tamu ta tarihi ce, amma tarihin da bai yi nisa ba, don wasunmu an riga an haife mu lokacin da abubuwan suka faru. Maganar hotuna ce, da inda muke ajiye su.

A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko, wadda ba ta amfani da fim. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hoton baƙi da fari ne, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kan kaset. Daga nan hoto ya fara tashi daga takarda ya koma lambobi. Hoton auren iyayenmu da aka wanke a situdiyo, ko ya koɗe, in ka buɗe akwati za ka gan shi da idonka. Hoton da yake lambobi kuwa sai da na'urar da za ta karanta shi, da wurin da zai zauna, kuma sau da yawa wurin na wani ne.

Wanda ya fi kowa nuna mana haɗarin haka shi ne MySpace. Na san da yawa a nan ba su san shi ba, mu a Facebook da 2go muka buɗe ido. An kafa shi a 2003, kuma kafin Facebook ya yi ƙarfi shi ne sarkin dandalin sada zumunta. A 2005 kamfanin News Corp ya saye shi a kan dala miliyan 580, a 2006 kuma ya zama shafin da aka fi shiga a Amurka. Matasa suka zuba masa rayuwarsu: hotunan makaranta, na biki, bidiyo, mawaƙa masu tasowa suka ɗora waƙoƙinsu. Da Facebook ya ƙwace kasuwar sai mutane suka watse, suka bar kayansu a can da tunanin duk ranar da suka so za su koma su ɗauka. A 2011 aka sayar da shi a kan kusan dala miliyan 35, ku duba faɗuwar daraja cikin shekara shida.

Sai a watan Maris na 2019 kamfanin ya fito ya amsa cewa a wajen kwashe bayanai daga tsofaffin kwamfutocinsa na ajiya zuwa sababbi, hotuna da bidiyo da sautukan da aka ɗora fiye da shekara uku baya mai yiwuwa sun salwanta. Aikin shekara goma sha biyu ke nan. An ƙiyasta waƙoƙi kusan miliyan 50 na mawaƙa miliyan 14. Abin da mutane suka samu shi ne ban haƙuri. Daga baya Internet Archive ta fitar da waƙoƙi kusan 490,000 da aka tsira da su, kuma sun tsira ne don wasu masu bincike sun taɓa kwafar su tun da daɗewa saboda aikinsu. Wato ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Wasu suna zargin ba kuskure ba ne, kamfanin ne ya gaji da biyan kuɗin ajiyar kayan mutanen da suka daina zuwa. Ni dai abin da na lura da shi, ko kuskure ne ko ganganci, babu wanda ya isa ya ce a biya shi, don kyauta ya ajiye.

Kafin shi an yi GeoCities, inda mutane ke gina shafukansu na kansu tun 1994. Yahoo ya saye shi a 1999, ya rufe shi a watan Oktoba na 2009. Wasu 'yan sa-kai da ake kira Archive Team suka yi ta rige-rigen kwafar abin da za su iya kafin a kashe wuta.

Akwai kuma salon da ba a rufe gidan, sai dai a sauya maka sharaɗi kana ciki. Flickr a 2013 ya ba kowa terabayit guda kyauta. Da SmugMug ya saye shi a 2018, sai aka ce mai akawun na kyauta hoto 1,000 kawai zai ajiye, in bai biya ba a fara gogewa daga mafi tsufa. Google Photos, wanda ke cikin yawancin wayoyinmu, ya fito a 2015 da alkawarin ajiya kyauta ba iyaka. Ranar 1 ga Yuni, 2021 aka kawo ƙarshen wannan, yanzu giga 15 ce, kuma ita ce Gmail da Drive suke ci a ciki. A 2023 Google ya ƙara da cewa akawun ɗin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba yana iya goge shi.

Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Mutum nawa ne a cikinmu yaron shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ba su ma san kalmar sirrin ba? An ɗaure akawun ɗin da wani layi da aka daina amfani da shi, kamfanin sadarwa kuma ya riga ya sayar wa wani da lambar. Ranar da aka ƙwace wayar, ko ta faɗa ruwa, hotunan suna nan a rumbun Google amma ƙofar ta rufe. Ga iyayenmu da suka rasu, wayoyinsu na cikin durowa, agogon shekara biyun nan yana tafiya a kan akawun ɗinsu.

Kada wani ya ce to gara in riƙe kayana a hannuna. Ku ji abin da ya sami kamfanin Pixar a 1998, suna tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2. Wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kafin a zare waya kusan kashi 90 cikin ɗari na fim ɗin ya tafi. Suka ce ba komai, ai muna da ajiya. Da suka duba sai suka tarar ajiyar ta daɗe da samun matsala, ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wata ma'aikaciyarsu ce, Galyn Susman, wadda ta haihu tana aiki daga gida, saboda haka akwai kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna, aka sa ta a mota aka tuƙo a hankali zuwa ofis kamar an ɗauko majinyaci. Kamfanin da ke cike da ƙwararrun kwamfuta ke nan fa.

Daga irin waɗannan asarori ne masu ɗaukar hoto suka fitar da ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda Peter Krogh ya yaɗa a littafinsa The DAM Book. Kwafi uku na duk abin da ba ka so ka rasa, a kan nau'in ma'aji biyu daban, ɗaya kuma a wani wuri da ba inda kake ba. A wajenmu hakan na iya zama: na cikin waya, wani a kwamfuta ko filas mai kyau da ke gida, na uku a rumbun intanet da kai ne ka san kalmar sirrinsa kuma layin da ke kansa yana aiki. Memorin da ke cikin wayar ba ya shiga lissafi, don ɓarawo tare yake tafiya da su. Kuma a kula da memorin bogi na kasuwa, wanda zai nuna maka giga 64 alhali cikinsa bai kai ba, sai ya cika ka ga hotuna sun daina buɗewa.

Wani kuskuren da ke cin mutane: in hotunanka suna hawa Google Photos da kansu, ka shiga manhajar ka goge hoto don ka sami fili, to daga can ma ya tafi. Yana zama a kwandon shara na ɗan lokaci, a iPhone kwana 30, daga nan shi ke nan. Haka tura wa kai hoto a WhatsApp ko ɗora shi a Facebook, suna matse shi ya rage kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin takarda. Mai son kwashe duk abin da yake da shi a Google kuwa, akwai Google Takeout, yana haɗa maka su ka sauke, sai dai a tanadi data ko a sami wayfay.

A 2015 Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina intanet ɗin kanta, kuma mataimakin shugaba a Google, ya yi gargaɗin cewa zamaninmu na iya zama wanda na baya za su rasa bayanansa, ya kuma ba da shawarar mutum ya wanke hotunan da ya fi ji da su a takarda. Situdiyon unguwa har yanzu suna wankewa, ka kai musu a waya ko a filas.

A nan za mu tsaya. Sai mun haɗu a kashi na gaba, in Allah ya kai mu.