3.2 Matsalar Samun Tikiti a Damben Ali da Frazier na 1971

A wannan sashe za a duba yadda ƙarancin tikiti ya dabaibaye damben da Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi ranar 8 ga Maris, 1971, a zauren Madison Square Garden da ke birnin New York na Amurka.

Dalilan wannan rububi guda biyu ne. Na farko, kafin wannan rana ba a taɓa cin ko ɗaya daga cikinsu ba a damben sana'a. Na biyu kuwa, an ƙwace kambin Ali a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, don haka jama'a suka ɗauki karawar tamkar gwajin ra'ayin siyasa.

Zauren ya ɗauki mutum 20,455 kawai. An sa kuɗin kujerar bakin fage dala 150, amma 'yan bumburutu suka riƙa sayar da ita ninkin ba ninkin. Hatta mawaƙi Frank Sinatra, an ruwaito cewa bai sami kujerar gaba ba, sai ya shiga a matsayin mai ɗaukar hoto na mujallar Life.

Waɗanda suka rasa tikiti sun koma gidajen silima, inda suka biya kuɗi suka kalli yadda Frazier ya yi nasara bayan turmi 15. Wannan ya nuna cewa tun daga lokacin, ribar babban dambe ta fi dogara ga masu kallo daga nesa fiye da na cikin zaure.