Wutar da Ba Ta Hayaƙi: Daga Tsaunukan Jos zuwa Kainji



Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa wutar lantarki marar hayaƙi baƙuwa ce, wai farantin sola ne ya kawo ta jiya jiya. Alhali kuwa tarihi bai nuna haka ba. Tun cikin shekarun 1920 Turawa masu haƙar kuza suka tare ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, suka sa shi yana juya injuna, kuma a 1929 kamfanin NESCO ya soma aikinsa a can. Sai dai fa ba domin talaka aka yi ta ba, domin ma'adinai aka yi ta.

Babban aikin shi ne na Kainji, a kan kogin Kwara. An soma ginin madatsar a 1964, zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa. An tanadi wurin injuna 12, amma 8 aka kafa, masu ƙarfin megawat 760. Ba gawayi, ba man fetur, ruwa ne kurum. Daga nan aka ja waya ta Birnin Kebbi har Yamai a 1976.

To, a nan nake so mu ɗan dakata. Tafkin da ya taru bayan madatsar ya haɗiye tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya kuma shanye tsibiran da Gungawan ƙasar Yawuri suke noman albasa a kai tun kaka da kakanni. Mutum wajen 44,000 aka tayar. Gwamnati ta gina musu sababbin gidaje, gaskiya ne, amma ba a gina wa mutum fadama, ba a kuma ɗauke masa kushewar iyayensa. Ma'aikacin da ya kunna fitila a Kaduna bai ga hayaƙi ba, bai kuwa ga Bagungen da ya biya masa wani kaso na kuɗin wutar ba. Ni a ganina, duk wanda zai kira wuta mai tsabta, wajibi ne ya fara tambayar wa aka kwashe wa sharar.

Maigida kuwa ba a taɓa shawartarsa ba. A zamaninta, hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ita ke bayarwa, ita ke ɗaukewa, in ta ɗauke sai aci-balbal ko janareta. An ƙara Jebba da Shiroro, duk da haka iskar gas ta rinjayi ruwa a wutar ƙasa.

Zaɓi na haƙiƙa bai shigo gida ba sai da farashin farantin sola ya faɗi warwas bayan 2010, sa'an nan janye tallafin fetur a 2023 ya sa janareta ya gagari mai albashi. Yanzu magidanci na iya kafa tasharsa a kan rufin ɗaki. Amma ita ma tana da Gungawanta. Yawancin baturan da ake ajiye wutar a ciki na dalma ne, shekaru kaɗan suke yi su mutu, daga nan su faɗa hannun 'yan gwangwan, waɗanda ke fasa su da hannu, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a bayan gari, inda yara ke wasa.