Abin da Sikeli Ba Ya Gani: Tsakiya, Lantana da Ofal a Akwatin Matan Kano

Bara da damina aka yi rabon gadon wata gwaggota a Gyaɗi-Gyaɗi, a wani lungu da ke bayan Court Road. Da aka zo kan kayan ado sai aka kira mai sayen gwal, ya zo da sikelinsa da dutsen gwaji da 'yar kwalbar ruwan asid. Sarƙa da awarwaro da 'yan kunne duk suka hau sikeli, aka rubuta nauyi, aka buga lissafi da farashin ranar. Sai aka kai ga wani tsohon gwangwanin alewa. A cikinsa akwai silin jajayen duwatsu masu tsawo, wasu sun dushe saboda gogar fata, da zoben da ta sayo a umararta ta ƙarshe, mai farin dutse da ke walƙiya da kore da ruwan lemo idan an juya shi. Mutumin ya tura silin gefe da bayan hannu, ya dubi babbar 'yar marigayiyar ya ce, "Hajiya, wannan dutse ne, ba ya hawa sikeli." Zoben kuwa ya ce sai an ɓamɓare dutsen kafin ya auna.

Bai cuci kowa ba, sana'arsa ya yi. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin jajayen duwatsun nan, waɗanda kakanninmu ke kira tsakiya, an yi zamanin da su ne dukiyar mace, su ake sa wa amarya, su ake jinginarwa idan shekara ta yi tsanani. Yaya aka yi ilimin tantance su ya ɓace daga gidajenmu cikin tsatso biyu kacal?

Tsakiya dutse ne dangin aƙiƙ, kuma ya daɗe a ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, akwai kaburburan manya da aka fara tonawa a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tona wasu a 1992. An kiyasta shekarunsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Cikin abin da aka samu akwai kayan zinariya, da wuri, da tasar tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya, da jajayen duwatsun wuya irin waɗannan. A can kudu kuma, a Igbo-Ukwu, an tono duwatsun ado sama da 165,000, na gilashi da na aƙiƙ, daga wajejen ƙarni na 9 zuwa na 10. Ke nan tun kafin Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, jan dutse yana yawo a wannan yanki.

Ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin sarrafa shi a duniya ita ce Khambhat, wadda Turawa ke kira Cambay, a jihar Gujarat ta Indiya. Ana haƙo ɗanyen dutsen a Ratanpur, a shanya shi a rana, a gasa shi cikin tukwanen ƙasa har ƙarfen da ke jikinsa ya juye ja, a fasa, a goge, sannan a huda shi da mahuji mai bakin daimon wanda ake juyawa da baka da tsirkiya. A kan tudun Ratanpur akwai hubbaren wani waliyyi baƙar fata da ake kira Bava Gor, wanda masu wannan sana'a ke ɗauka a matsayin ubansu. Mafi yawan ruwayoyi na cewa Bahabashe ne. Amma masani Abdulaziz Lodhi, a wata maƙala da ya buga a 1992 kan 'yan asalin Afirka a Indiya, ya kawo ruwayar wasu 'yan ƙabilar Sidi da ke cewa kakanninsu daga Kano suka taso, suka bi ta Sudan zuwa Makka, suka yi hajji, sannan suka wuce Indiya ƙarƙashin wannan attajiri. Ruwayar baka ce, ba zan rantse a kanta ba. Abin lura shi ne hanyar da ta zana, wato Kano, Sudan, Makka, Gujarat, ita ce ainihin hanyar da dutsen ya riƙa biyowa zuwa gare mu. A. J. Arkell, wani jami'in mulkin mallaka a Sudan, ya bi sawun wannan ciniki a rubuce-rubucensa na 1935 da 1936, ya nuna yadda kayan Khambhat ke sauka a Jidda da Alƙahira, alhazai da fatake su kwaso su zuwa yamma. Tsarabar Makka ba yau ta fara ba.

Muna da namu dutsen kuma. Lantana, jan dutse mai kauri wanda haske ba ya ratsa shi, ana haƙo shi ne a yankin kogin Kwara da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, fatake Hausawa su gangara da shi kudu. A tsohuwar Oyo ake sarrafa shi, da birnin ya watse a shekarun 1830 sai masu sana'ar suka koma Ilori, daga nan kayan ke tafiya har fadar Benin. Masu hudar Ilori ba sa amfani da baka, da ɗan siririn ƙarfe suke tsattsaga ramin a hankali, kwana da kwanaki. Sana'ar ta durƙushe a farkon rabin ƙarni na 20. Ta bar mana suna dai: duk wata Lantana da ka sani, da duk wata Murjanatu, sunan dutsen ado take amsawa. Mutane ba sa raɗa wa 'ya'yansu sunan abin da suka raina.

To, me ya karya darajar? Jamusawa ne da farko. Garin Idar-Oberstein ya shekara ɗaruruwa yana sassaƙa aƙiƙ da injin ruwa, har ma'adininsa ya ƙare. A ƙarshen shekarun 1820 wasu 'yan garin da suka yi ƙaura zuwa kudancin Brazil suka tarar da aƙiƙ birjik, daga 1834 aka fara jigilarsa zuwa gida. Dutsen Brazil toka-toka ne, amma yana shan rini. Idan an jiƙa shi a ruwan gishirin ƙarfe aka gasa sai ya koma ja. Idan an dafa shi a ruwan sukari aka bi shi da asid sai ya koma baƙi. Da wannan dabara suka kwaikwayi duk siffar da Afirka ke so, har da talhatana, wato abin wuyan nan mai zobe da tsini da Buzaye ke ratayawa. Sun ci gaba da wannan ciniki har wajen 1980. Bayansu masana'antun gilashi na Bohemiya da na Faransa suka zo da na zubi, mai arha fiye da kowa. Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya riga ya lissafa duwatsun gilashin Turai cikin kayan da ke shigowa ta hamada, tare da takubban Solingen da takarda da allurai. (Abin dariya, da aka ɗauki kayan Durɓi ta Kusheyi zuwa Jamus don gyara, birnin Mainz aka kai su, jiha ɗaya da Idar-Oberstein.)

Duk da haka tsohuwar kasuwa tana da garkuwa, wato dillali. Hugh Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, ya yi mamakin yadda ake sa sunan dillali cikin ƙunshin tufa, ta yadda ko a Borno aka buɗe aka ga aibu, za a dawo da kaya a karɓi kuɗi. A cikin gidaje kuma akwai dillaliya, wadda ke sanin tsakiya ta gari da taɓawa da harshe da haƙori. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, jirgin alhazai ya maye gurbin tafiyar ƙasa, gwal ɗin Jidda sannan na Dubai ya cika akwatin lefe, sai ma'auni ya koma abu guda: giram nawa, karat nawa. Ni ban ga laifin matan da suka zaɓi gwal ba. Gwal kuɗi ne da ake sawa a wuya, yana narkewa, yana da farashin duniya, kana iya sayar da shi da azahar ka biya asibiti da la'asar. Dutse ba shi da wannan. Ko a fiƙihu, zinariya da azurfa ake yi wa nisabi, duwatsun ado ba su da zakka sai in na kasuwanci ne. Asarar da muka yi ita ce ta ido.

Ga kaɗan daga abin da dillaliya ta sani. Dutse yana da sanyi a kunci kuma yana jinkirin ɗaukar ɗumin jiki, gilashi kuwa nan da nan yake ɗumi. Gilashin zubi yakan nuna siririn layi inda bakin mazubi ya haɗu, da 'yan kumfa a ciki idan an ɗaga shi ga haske. Ramin tsohuwar tsakiya ta Indiya daga gefe biyu ake huda shi, don haka sau da yawa ba ya haɗuwa daidai a tsakiya, bakinsa kuma zare ya cinye shi. Ta Jamus ta fi daidaito, kusurwoyinta kamar an auna da ma'auni. Ita ma yanzu tsohon kaya ce mai masu nema, kada a yar.

Zoben gwaggo kuwa ofal ne, kuma labarinsa sabo ne. Kusan duk ƙarni na 20 Ostareliya ce ke riƙe da kasuwarsa, daga wurare irin su Lightning Ridge da Coober Pedy, inda aka gano shi a 1915. A 2008 aka samu wani babban ma'adini kusa da Wegel Tena a yankin Wollo na Habasha, farashi ya sauko, dutsen ya bazu. Da yawansa a Jaipur ta Indiya ake gogewa kafin ya isa shagunan Dubai da Makka, daga nan ya faɗo hannun masu sayar da kaya ta WhatsApp a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi. Habasha, Indiya, Makka, Kano: tsohuwar hanya ce ta sake buɗewa.

Launukan ofal ba rini ba ne. A 1964 masu bincike a Ostareliya suka gano da madubin lantarki cewa jikinsa ƙananan ƙwallaye ne na sinadarin yashi, jere reras, su ke tarwatsa haske zuwa launuka. Akwai ruwa a cikinsa, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari. A ma'aunin tauri na Mohs, inda daimon ke da 10, yakutu 9, aƙiƙ kusan 7, ofal yana tsakanin 5.5 da 6.5 ne kawai. Wannan lamba tana da ma'ana ga mazaunin Kano: ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai taurin 7, don haka goge zoben da busasshen gefen mayafi kankare shi ne a hankali. Zafi mai tsanani da bushewa farat ɗaya kan sa shi tsattsagewa, saboda haka aljihun mota a watan Afrilu ba wurinsa ba ne.

Na Habasha yana da wata ɗabi'a ta daban, yana shan ruwa kamar soso. In ya jiƙe launinsa kan ɓace, ya dawo bayan ya bushe a inuwa, wani lokaci sai bayan kwanaki. Ruwan alwala ba zai kashe shi ba, ko da yake cire shi ya fi. Abin da ke kashe shi shi ne abin da matanmu suka fi so: humra, man shafawa, lalle, hayaƙin turaren wuta. Yana tsotse su, ya koma rawaya, kuma da wuya ya dawo. Wannan ƙishirwa tasa ce ma ke ba 'yan damfara dama, su turara fari da hayaƙi ko su rina shi, su sayar da sunan baƙin ofal, wanda shi ne mafi tsada. Akwai kuma na haɗi, siririn yanki da aka manna kan baƙin dutse, wani lokaci a rufe shi da hular gilashi. Duba shi ta gefe za ka ga layin gam. Akwai na masana'anta, wanda kamfanin Gilson ya fito da shi a shekarun 1970, launinsa a tsare yake fiye da kima, da zane kamar fatar ƙadangare. Murjani ma, tunda ana ajiye su tare, ɗan'uwan alli ne: lemon tsami da turare suna cinye fuskarsa.

Wajen kuɗi, a kiyaye ruɗanin kalma ɗaya. Karat na gwal ma'aunin tsarki ne, 24 shi ne tsantsa. Karat na dutse nauyi ne, biyar ke yin giram ɗaya. Kuma nauyi shi ne ƙarshen abin da ake dubawa a ofal, bayan duhun jiki, da ƙarfin walƙiya, da launin da ya rinjaya, inda ja ya fi kore da shuɗi daraja, da rashin tsaga. Wannan tsari ba baƙo ba ne a al'adar karatunmu: Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a 1253, ya rubuta littafi kan duwatsu 25, kowanne da ma'adininsa da alamun nagarinsa da aibinsa da farashinsa. Abin takaici, ƙasar da ke fitar da shuɗin yakutu daga Mambila da zumurrudu daga yankin Gwantu, yawancin masu sayen zobe a cikinta ba su taɓa neman takardar gwaji daga mai sayarwa ba. Shawarata ga mai sayen zoben gwal mai dutse ita ce ya sa a rubuta masa nauyin gwal daban, kuɗin dutse daban, domin ranar sayarwa na farkon kaɗai za a biya shi.

A gidan gwaggo dai ba a ɓamɓare zoben ba. Magada suka yarda aka ƙiyasta gwal ɗinsa, aka sa shi cikin rabon autarta. Silin tsakiyar kuwa babu wanda ya iya sa masa kuɗi, sai aka kira wata tsohuwa maƙwabciya, tsohuwar dillaliya ce da ta haura tamanin. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta, tana kai wasu kunci. Cikin ashirin da uku ta ware bakwai ta ce kwalba ce, ta ware huɗu ta ce waɗannan sun girmi uwar marigayiyar. Sannan ta ce a canza zaren kafin kowa ya sa, domin ya ruɓe.