Tarihin Ilimin Gudanar da Manyan Ayyuka

Ilimin gudanar da manyan ayyuka fanni ne da ke nazarin yadda ake tsara aiki mai farko da ƙarshe, a raba shi mataki-mataki, a ware masa kuɗi da ma'aikata, a kuma sa ido har ya kammalu. Irin wannan aiki ya sha bamban da na yau da kullum: masaƙa tana saƙa kowace rana ba ta da ranar gamawa, amma ginin gada ko madatsar ruwa yana da wa'adi da kasafi, kuma da zarar an gama sai ma'aikatan su watse. Ɗan Adam ya daɗe yana manyan gine-gine, daga dalar Giza ta Masar zuwa ganuwar Kano, sai dai a ƙarni na 20 ne aka mayar da dabarun yin su ilimi rubutacce. Tarihin fannin ya bi tambayoyi uku bi da bi: yaya za a lissafa lokaci, wa ke da ikon yanke hukunci, kuma su wane ne aikin zai shafa.

Zamanin jadawali

Tushen fannin yana masana'antun Turai da Amurka. A 1896 injiniya Karol Adamiecki na ƙasar Poland ya ƙirƙiro zanen da ke nuna ayyuka da lokutansu, amma da yake bai wallafa shi da Turanci ba, bai yi suna ba. Wanda sunansa ya bi jadawalin shi ne Ba'amurke Henry Gantt (1861–1919), abokin aikin masanin tsara aikin masana'antu Frederick Taylor. A jadawalin Gantt ana jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, a jera kwanaki daga hagu zuwa dama, sannan a ja wa kowane aiki layi gwargwadon tsawon lokacinsa. Amurka ta yi amfani da shi wajen ƙera makamai da jiragen ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Madatsar Hoover da aka gina a kan kogin Colorado tsakanin 1931 da 1936 ta nuna amfanin jeranta aiki. Sai da aka fasa ramuka huɗu a cikin dutse aka karkatar da kogin kafin a taɓa harsashi. Haɗakar kamfanonin da suka karɓi kwangilar, a ƙarƙashin injiniya Frank Crowe, ta miƙa aikin kimanin shekara biyu kafin wa'adi.

Lissafin sarƙar ayyuka

Jadawalin Gantt yana da rauni ɗaya: ba ya nuna sarai wane aiki ne ke jiran wani. A ƙarshen shekarun 1950 aka samar da hanyoyi biyu na toshe wannan giɓi. A 1957 Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka fito da hanyar CPM don tsara gini da gyaran masana'antun sinadarai. A 1958 rundunar sojan ruwan Amurka, tare da kamfanonin Booz Allen Hamilton da Lockheed, ta fito da PERT don shirin makami mai linzami na Polaris.

Manufar CPM mai sauƙin fahimta ce. A ginin gida, ba a ɗora bango sai an zuba harsashi, ba a yin rufi sai bango ya tsaya, ba a yin silin sai an rufa. Waɗannan ayyuka sarƙa ɗaya ce, kuma jinkirin kwana ɗaya a kowanne daga cikinsu jinkirin kwana ɗaya ne ga ginin gaba ɗaya. Amma kafintan da ke haɗa ƙofofi zai iya makara da mako guda ba tare da ranar tarewa ta motsa ba. Aikin manaja shi ne ya gano sarƙar da ta fi kowace tsawo, ya zuba mata ido, ya san inda yake da rarar lokaci. Ita kuwa PERT an yi ta ne don aikin da ba a taɓa yin irinsa ba. Ana neman injiniya ya ba da ƙiyasi uku: in komai ya tafi daidai, in an yi yadda aka saba, da in abubuwa sun dagule. Sai a ninka na tsakiya sau 4, a haɗa da sauran biyun, a raba da 6.

An harba Polaris daga jirgin ƙarƙashin teku a Yulin 1960, PERT kuma ta yi suna. Daga baya masani Harvey Sapolsky, a littafinsa na 1972, ya nuna cewa babban amfanin da ta yi wa shirin shi ne gamsar da majalisar dokoki da manyan jami'ai cewa komai na hannu, har suka bar injiniyoyi suka yi aikinsu.

Wa ke da iko?

Tsohon tsarin kamfanoni na sassa ne: sashen injiniyoyi, sashen kuɗi, sashen sayayya, kowanne da shugabansa. A irin wannan tsari aiki yakan yi ta yawo daga tebur zuwa tebur ba mai ɗaukar nauyinsa kacokan. Shirin Manhattan na ƙera bam ɗin nukiliya ya bi wata hanya dabam. A 1942 aka damƙa shi ga Janar Leslie Groves, aka ba shi iko kan kuɗi da kaya da ma'aikata, Robert Oppenheimer kuma ya jagoranci masana a Los Alamos. Wannan shi ne tsarin da ake kafa runduna guda don aiki guda.

Tsari na uku ya fito ne daga kamfanonin jiragen sama da hukumar NASA a shekarun 1960, lokacin shirin Apollo na kai mutum duniyar wata, wanda ya haɗa mutane kimanin 400,000. A wannan tsari, da ake kira tsarin saƙa, injiniya yana zaune a sashensa, amma an ba da aronsa ga wani aiki, don haka yana da shugabanni biyu: shugaban sashe mai kula da ƙwarewarsa da ƙarin girmansa, da manajan aiki mai kula da wa'adi. Tsarin yana hana ɓarnar ƙwararru, amma yana haifar da jayayya a duk lokacin da shugabannin biyu suka buƙaci mutum ɗaya a rana ɗaya.

Zangunan aiki

A wannan zamani ne kuma aka fara raba aiki zango-zango, tun daga tunani da tsarawa zuwa aiwatarwa da rufewa, tare da tsayawa a ƙarshen kowane zango a duba ko ya dace a ci gaba. Ginin gidan kiɗa da wasan kwaikwayo na Sydney a Ostireliya ya zama darasi kan tsallake wannan ƙa'ida. An fara shi a 1959 kafin a kammala zanensa, bisa ƙiyasin dalar Ostireliya miliyan 7. Mai zanen, Jørn Utzon, ya ajiye aiki a 1966 bayan saɓani da gwamnati, kuma ba a buɗe ginin ba sai 1973, bayan ya ci miliyan 102.

Bankin Duniya ya tsara nasa zangunan a shekarun 1970, kamar yadda jami'insa Warren Baum ya bayyana: gano aiki, shirya shi, tantancewa, tattaunawa, aiwatarwa, da bitar sakamako. Da irin wannan tsari aka kafa ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun ga cewa bin zanguna a jere bai dace da su ba, domin mai saye yakan sauya ra'ayi kafin a gama. A Fabrairun 2001 mutum 17 suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita yin aiki gutsure-gutsure na 'yan makonni, ana nuna wa mai saye ana gyarawa.

Masu ruwa da tsaki

Tambaya ta uku, wato su wane ne aikin zai shafa, ita ce ta fi daɗewa ba a ba ta amsa ba. Batun masu ruwa da tsaki ya bayyana a wata takardar Cibiyar Bincike ta Stanford a 1963, amma littafin R. Edward Freeman na 1984 ne ya yaɗa shi. Ma'anarsa ita ce duk wanda zai iya shafar aiki ko aikin ya shafe shi yana da haƙƙin a lissafa da shi, ko da bai zuba ko sisi ba.

Madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, misali ce da masana ke yawan kawowa. An kammala madatsar a 1978 don noman rani. Ruwa ya mamaye ƙauyuka da gonaki, manoman da aka karɓe wa filaye don shimfiɗa magudanai suka yi damina ba shuka, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, waɗanda ke ƙasan kogin kuma suka rasa ambaliyar da ke ciyar da fadamunsu. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A Afrilun 1980 'yan sanda suka far musu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Ta fuskar injiniyanci madatsar ta tsaya daram, amma ba a sanya mutanen da suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta cikin lissafi ba. A wannan shekarar ce kuma Bankin Duniya ya fitar da manufarsa ta farko kan sake tsugunar da mutanen da ayyuka suka tasa, bayan irin waɗannan matsaloli a ƙasashe da dama.

Zama sana'a

Ƙungiyar IPMA ta masu gudanar da ayyuka ta samo asali a Turai a 1965, cibiyar PMI kuma aka kafa ta a Amurka a 1969. PMI ta fara ba da takardar shaidar ƙwarewa ta PMP a 1984, ta fitar da kundin jagoranta na PMBOK a 1996, shekarar da Birtaniya ta fitar da tsarin PRINCE2. Hukumar ISO ta fitar da ma'auninta mai lamba 21500 a 2012.

Jerin waɗannan shekaru ya nuna inda fannin ya fi ƙarfi da inda ya makara. Lissafin lokaci ya kankama tun kafin 1960, amma sai a bugu na biyar na kundin PMBOK, a 2013, aka ware wa kula da masu ruwa da tsaki babi mai zaman kansa.